Ragon da Yaya Ya Gasa a Bayan Gida

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda a lokacinsu na rantse ba zan manta ba. Amma Juma'ar da yayan mijina ya gasa rago a bayan gidansa a garin Gadarif, can gabas da Khartum, wannan kam tana nan daram, na kuma san da ita za a kai ni kabari. Har yau in na ji ƙanshin nama a kan garwashi sai haushin ya dawo mini sabo fil, kamar jiya aka yi abin.

A lokacin ina da yara biyu ƙanana. Gidanmu da na Yaya katanga ɗaya ce ta raba su, a jikinta kuma akwai 'yar ƙofa wadda a nan muke kira nafaj. Ta nan ni da matarsa, faccalata, muke miƙa wa juna gishiri da garwashi da gulma, ba sai mun yafa mayafi mun fita titi ba. Mahaifin su Yaya da maigidana ya rasu ya bar musu gonar riɗi can a yankin Simsim, ba su raba ta ba. Yaya ne babba, shi ke riƙe da ita, shi ke da ta cewa. Maigidana kuwa shi ke bin tarakta, shi ke kwana a bukkar gona damina guda sauro na cinsa. Abin da riɗin nan ya bayar, shi gidajen biyu ke ci har shekara ta zagayo, ba mu da wata ƙofar sai ita.

Wanda bai san riɗi ba, bari in gaya masa halinsa. Dawa tana da haƙuri, in ta nuna za ta tsaya a gona ta jira ka har ka gama shirme ka zo. Riɗi ba ya jiran kowa. Da ganyensa ya yi rawaya sai a yanke shi, a ɗaure, a jingine dammuna su bushe a tsaye. In ka yi jinkirin 'yan kwanaki, kwansonsa zai buɗe baki ya zazzage ƙwayar a ƙasa. Ƙasar Simsim kuwa baƙa ce mai tsagewa, abin da ya faɗa cikin tsagar nan ya tafi ke nan. A zamanin nan tarakta ke huɗa, ita ke shuka, amma yanka sai hannu da lauje. Kuma riɗin kowa lokaci ɗaya yake nuna, shi ya sa a makon yanka mai lauje ya fi mai mota daraja a garin.

Duk da haka, surukina marigayi bai taɓa zuwa kasuwa yana roƙon 'yan ƙwadago ba. In riɗi ya kusa, sai ya sa a yanka rago a ƙofar gida. A tara tudun yashi, a hura wuta a tsakiya, a kewaye ta da tsinken agashe, tsiren nan namu mai ƙuli da yaji wanda Larabawan gari ke mutuwa a kansa. A shimfiɗa tabarmi a titi. Ba a gayyatar kowa, ba a hana kowa. Amma duk unguwa an san ma'anar abin: namijin da ya zauna ya sa hannu a naman nan ya yi alkawari ke nan, ranar da lori ta tsaya a ƙofar gida zai fito da laujensa. Ladan aiki ana biya kamar ko'ina, amma naman ne ke ɗaure mutum, ba tare da an ce uffan ba. Wanda ya riga ya ci na wani sai ya tsaya daga tsaye, ya yi sallama, ya ce Allah ya amfana, ya wuce abinsa, babu mai jin haushi. Haka na tarar ana yi, haka Yaya ya ci gaba da yi bayan rasuwar tsohon, har shekarar da ya je Khartum.

An yi wata damina mai albarka, riɗi ya yi kuɗi, sai Yaya ya tafi Khartum sayen kayan tarakta. Ban san a gidan wane attajiri aka ba shi masauki ba, amma ya dawo mana da ciwo. Rawaninsa ya ƙaru ninki biyu. In ka yi masa magana da Hausa sai ya amsa maka da Larabci, kai ka ce ba a zauren unguwar nan aka raɗa masa suna ba. Babban abin da ya tsaya masa a rai shi ne wai ya ga manyan mutane ba sa cin nama a titi kamar marasa galihu. A bayan gida suke da wurin gashi na musamman, da kujeru da fitilu, su kira wanda suka ga dama, su rufe ƙofa. Ya ce shi ma sai ya yi irinsa.

Da bishiya aka fara. Akwai wata darbejiya a bayan gidan, tsohon ne ya dasa ta da hannunsa, ƙarƙashinta faccalata ke daka, ƙarƙashinta yaranmu duka suka koyi rarrafe. Yaya ya ce ganyenta zai riƙa faɗawa cikin naman baƙi, ya sa aka sare. Aka malala siminti a wurin tas. Aka kawo magini ya ɗaga murhu na jan bulo har ƙugu, maƙeri ya ƙera ragar ƙarfe aka ɗora. A gefe aka kafa faifan garmar tarakta, wanda aka toshe hujinsa, don suyar hanta da ƙoda. Aka samo tsohuwar salansar tarakta aka shafe ta da fenti ruwan azurfa, aka dasa a sama, wai ita za ta riƙa janye hayaƙi. Ga kujerun ƙarfe masu saƙar roba, ga tebur, ga dogayen fitilu shuɗi da kore an rataya a waya. Duk wanda ya shigo gidan sai Yaya ya ja shi ya nuna masa, yana shafa bulon nan kamar mai shafa doki. Murhun yana nan har yau, kajin jikokinsa ke ƙwai a ciki.

Da magini ya tambayi inda za a jingina murhun, Yaya ya duba duk faɗin gidan nan, bai ga wurin da ya dace ba sai bakin nafaj. Ya ce ba zai yiwu manyan baƙi na zaune yara su riƙa ɓullowa ta rami kamar ɓeraye ba. Aka liƙe ƙofar da bulo. Faccalata ta yi kukanta a ɗaki, don ita mace ce mai kawaici. Ni kuwa na tsaya ta ɓangarenmu ina kallon ɗanyen siminti na bushewa, na faɗi maganganun da ba zan rubuta su a nan ba. Daga ranar, in zan ari ludayi sai na yafa mayafi, na fita titi, na yi sallama a ƙofar gidan da nake shiga ba ko takalmi.

Duk wannan ban dame shi da yawa ba, na ɗauka rawar kai ce za ta wuce. Sai da riɗi ya fara ɗaukar ciki muka gane inda ya dosa. A shekarun nan ne aka fara shigo da injin yankan riɗi, mai yanka yana ɗaurewa. Wani babban manomi mai gonaki a yankin Gedambaliya ya sayo guda, gari ya ɗauka. Yaya ya ƙwallafa rai a kan injin nan. Ya ce bana ba zai kwashi mutane a lori yana ciyar da su yana jin ƙorafinsu ba, injin zai shiga gonarsa ya gama a kwana kaɗan. Don haka ya shirya walima: mai injin da abokansa za su zo bayan sallar Juma'a su buɗe masa sabon wurin gashi.

Ina gidan ranar da maigidana ya yi masa magana, ina taya faccalata tsintar wake. Maigidana mutum ne da ba ya ɗaga ido a gaban yayansa, sai da ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya ce, "Yaya, ragon ƙofar gida fa? Mutane sun fara tambaya."

"Rago ɗaya za a yanka bana, kuma a ciki za a ci shi," in ji Yaya. "Khalas, shi ke nan, zamanin zama a titi ana lasar yatsa ya wuce. Mai injin nan in ya ci namana, magana ta ƙare."

"To ka yi masa maganar injin?"

Yaya ya dube shi sheƙeƙe. "Ka taɓa ganin Baba ya buɗe baki ya roƙi wani? Nama ne ke magana, ya zol."

Ka ji fa. Mutumin da ke ƙyamar al'adar ubansa, wai ta ƙauyawa ce, shi ne kuma ya ɗauko ta zai ɗaure attajiri da ita. Ya ƙi tabarmar, ya ƙi mutanen, amma ya riƙe igiyar, yana ganin za ta kama wuyan kowa a duniya. Na ja maigidana gefe a gida na ce to shi ya sayi ko ɗan akuya ne ya yanka a ƙofarmu, a shimfiɗa tabarma, kada mu tashi a tutar babu. Ya girgiza kai. Ya ce in ƙane ya yanka a ƙofarsa alhali babba na da rai, to ya shelanta wa unguwa cewa sun raba gado, shi kuwa ba zai zama wanda ya raba gidan ubansu ba. Na ji haushinsa ƙwarai, amma na san gaskiya ya faɗa, haka za a fassara shi.

Ranar Juma'ar tun da hantsi muna madafi, ni da faccalata, muna ta yin kisra, wato siririyar wainar dawa, da yanka albasa da haɗa yaji. Na ɗauko ƙuli zan daka na agashe, sai ga Yaya ya leƙo ya ce kada ya ga ƙuli a gidan nan yau. Wai agashe abincin tasha ne, na direbobi da 'yan dako. Shi shayya zai yi, gunduwa-gunduwa a kan raga, yadda ya gani a Khartum, kuma da hannunsa zai gasa, don a can maigida ne ke tsayawa a kan wuta yana hira da baƙinsa. Mutumin da tun da nake a gidan ban taɓa ganin ya ɗora ko butar shayi ba.

Baƙi suka iso bayan an sauko daga masallaci, motoci suka jeru a ƙofar gida, daidai inda ake shimfiɗa tabarmi. Ta zanan madafi muke leƙensu. Rana ce irin ta ƙarshen damina, mai dafa mutum a tsaye, ga siminti ya sha ta tun safe, ga babu bishiya. Na farko da ya zauna a kujerar ƙarfen nan ya miƙe da sauri yana gyara jallabiya. Haka suka yi ta jan kujeru suna ƙiii a kan siminti, har suka takure a 'yar siririyar inuwar katanga, manyan mutane kafaɗa da kafaɗa, suna fifita da gefen rawani. Yaya kuma ya sa aka kunna fitilun nan shuɗi da kore da tsakar rana, don kada a tafi ba a san yana da su ba.

Salansar azurfa kuwa ta ƙi jan komai. Hayaƙi ya riƙa fitowa ta baki yana dukan fuskar Yaya, rabi ya bi kan baƙi, rabi ya tsallaka katanga ya sauka kan shanyar da na bari a gidana. Farar jallabiyarsa ta koma kalar toka, idanunsa suka yi jajir suna zubar da ruwa, amma yana ta washe baki yana juya nama da wani dogon cokali mai yatsu da ya sayo. Maigidana na tsugune a ƙasa yana yi wa garwashi fifita. Ba zan yi masa ƙarya ba, naman ya gasu a ƙarshe. Rago ne mai ƙiba, ko wawa ya ɗora shi a wuta zai yi daɗi.

Ana cikin haka faranti ya kasa, faccalata ta ce in ɗauko babban tiren gidana. Da nafaj na nan da taku kaɗan ne, amma dole na yafa mayafi na fita ta titi. Abin da na gani a waje shi ne ya fi tsaya mini a rai cikin duk ranar. Mazan unguwa ne, waɗanda suka saba yanka mana riɗi shekara da shekaru, suna dawowa daga masallaci. Ƙanshi ya cika layin. Kowa in ya zo daidai ƙofar Yaya sai ya rage tafiya, ya dubi motocin, ya dubi ƙofar a rufe, ya dubi ƙasa inda babu tabarma ko ɗaya. Wasu suka tsaya can gindin katangar maƙwabta kamar masu hira, alhali jira suke ko za a buɗe.

Cikinsu akwai wani dattijo, abokin surukina ne, shi ke gaba in an shiga gona, maganarsa sauran ke bi. Ya gan ni ya matso a hankali, muka gaisa, ya ce, "'Yata, hidima ake yi ne a ciki?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Baƙi ne Yaya ya yi, Baffa."

Ya dubi hayaƙin da ke tashi ta bayan gida. Sannan ya ce, "Madalla. Allah ya amfana." Ya juya ya wuce, sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya yi tsaki, babu wanda ya ɓata fuska. Ni kuwa na san a wane wuri ake faɗin wannan kalmar a unguwarmu.

Da na koma da tire, baƙi sun fara ci. Mai injin mutum ne mai fara'a, mai son raha, ban ga mugunta a tare da shi ba ko kaɗan. Ya naɗe hannun riga ya ci sosai. Yana cikin ci ya ɗago ya ce wa Yaya da Larabci, "Ya Hajj, tun da safe na ƙi karyawa, na ce yau gidan Hausawa za ni. Ina agashen?" Sauran suka ɗauka, kowa na cewa wallahi shi ma don agashe ya zo, shayya ai ko a gidansa yana ci. Yaya ya yi dariyar yaƙe ya ce sai wani jiƙon. Faccalata ta toshe baki da gefen zane, ni kuwa na bar tawa ta fito, ban damu ko ya ji ba.

Suka yi ta hirarsu ta farashin dawa da tsadar man tarakta da inda ruwa ya yi yawa bana. Yaya bai zauna ba ko sau ɗaya, yana ta kai da kawo kamar yaron otal a gidansa. Maganar injin ba ta fito daga bakin kowa ba. Suka sha jabana, kofin nan namu mai citta, suka wanke hannu, suka tashi. Mai injin ya riƙe hannun Yaya ya girgiza, ya yi wa gidan addu'a, ya shiga mota. Yaya ya shigo madafi fuskarsa duk baƙin gawayi, yana haki yana murna, ya ce mana mun gani ko, mutumin ya ci har ya ƙara. Ragowar ƙashi da kitse kuwa, bai ko tuna a aika wa maƙwabta ba.

Ba a daɗe ba wani manomi a ƙarshen layinmu ya shimfiɗa tabarmi a ƙofarsa, ya tara yashi, ya kafa tsinke. Mazan unguwa suka zauna suka ci. Ina jin hayaniyarsu daga tsakar gidana, na gaya wa maigidana, ya ce ya ji. Yaya da aka ba shi labari cewa ya yi su je su ci, shi ya wuce nan.

Sai saƙo ya zo daga mai gadin gona cewa ganye ya yi rawaya. Yaya ya zauna jiran injin ya zo da kansa, kullum ya fita ƙofar gida ya dubi bakin layi. Da ƙyar maigidana ya lallaɓa shi suka tafi wurin mutumin, a shagonsa kusa da kasuwar hatsi. Maigidana ne ya ba ni labarin, ya ce bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Mutumin ya tarbe su hannu bibbiyu, ya sa aka kawo shayi, ya sake yabon ragon. Da Yaya ya ga ba a tayar da zancen ba sai ya tambaya yaushe injin zai tashi zuwa Simsim. Mutumin ya yi mamaki da gaske. Ya ce wane Simsim, injin yana Gedambaliya a gonarsa, in ya gama kuma akwai waɗanda suka riga suka yi magana tun kafin shuka, suna nan a layi. Ya ce me ya hana Yaya faɗa tun da wuri?

Sai kawai Yaya ya ce, "Amma ai ka ci ragona."

Mutumin ya fashe da dariya, ya ɗauka wasa ne. Ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Wallahi na ci, ya kuma yi daɗi. Juma'a mai zuwa ka zo gidana ka ci biyu."

Daga nan suka garzayo unguwa. Sun tarar da motar manomin nan da ya shimfiɗa tabarmi tsaye a ƙarshen layi, maza na ɗora buhunan gari da jarkokin ruwa. Ina tsaye a ƙofar gida na ga Yaya, da ƙaton rawaninsa, ya je ya durƙusa wa dattijon nan. Ya ce a taimaka masa, riɗi zai zube, zai ƙara musu lada fiye da na kowa. Dattijon ya ɗago shi, ya yi masa magana a hankali kamar mai lallashin yaro.

"Ɗana, ba fushi muka yi ba. Mun ji ƙanshi, mun zo, mun jira tabarma, ba a shimfiɗa ba. Muka ce to bana ya sallame mu, Allah ya ba shi abin da ya fi mu. Yanzu naman wani na cikinmu. In na sauka daga motar nan, gobe wa zai yarda ya yanka mini rago?"

Ya yi alkawarin in sun gama da wuri za su biyo ta gonarmu, amma kowa ya san riɗi ba zai kai lokacin ba. Lori ta tashi da su muna kallo. Yaya ya ruga wurin da ake ɗaukar 'yan ƙwadago a kasuwa, ya tarar an kwashe kowa, sai 'yan tsirarun baƙi da babu mai so, wasu ko riƙe lauje ba su iya ba. Su ya kwaso. Muka bar yara wurin mahaifiyata, ni da faccalata muka hau bayan mota, wai za mu yi musu girki, amma mun san lauje za mu riƙe.

Mun isa gonar da safe. Daga nesa ta yi kyau, sai da muka shiga muka ga kwanso ya bushe ya buɗe baki. Na kama kara na farko na sa lauje, sai na ji wani sauti shaaa a kan busasshen ganye, kamar ana zuba gero a faifai. Riɗin ne ke zuba. Duk karan da ka taɓa haka yake yi, ko iska ta kaɗa sai ka ji gonar gaba ɗaya tana wannan sautin. Muka yi ta yanka a hankali kamar masu ɗaukar jariri, muna ɗaure dammunan da muka san rabinsu fanko ne. Hannuna ya yi kanta ya fashe, faccalata tana yanka tana hawaye.

Da rana ta take na ɗago don in miƙe baya, sai na hangi Yaya can tsakiyar gona. Ya cire rawanin ya shimfiɗa a ƙasa, ya durƙusa, yana zura yatsu cikin tsagar ƙasa yana ƙwaƙulo riɗi da baƙar laka yana zubawa a kai. Ya daɗe yana yi. Abin da ya tara bai cika tafin hannu biyu ba, kuma rabinsa ƙasa ce. Ban ji tausayinsa ba, ba zan ɓoye ba. Tausayin yarana na ji, da na faccalata, da na mutumin da ya kwana damina guda a bukka don riɗin nan.

Abin da muka kwaso bai kai mu ko tsakiyar rani ba. Maigidana ya tafi tuƙa wa wani motar girbin dawa don mu samu na tuwo, gidajen biyu muka koma miyar kuka babu ko ƙashi. Yaya kuwa har ya koma ga Allah bai taɓa cewa shi ya yi kuskure ba. In aka tayar da zancen sai ya ce mai injin ne ba shi da asali, ya ci naman mutane ya goge baki.

Mai injin nan bai ci amanar kowa ba. An kira shi cin nama, ya zo ya ci, ya yi godiya, iyakar abin da ya sani ke nan. Darasin da na ɗauka, wanda nake gaya wa 'ya'yana in na ga kansu ya fara rawa, shi ne alkawarin da ba a furta ba yana kama wanda kuka tashi tare ne kawai, wanda ya san nauyinsa ba sai an gaya masa ba. Baƙo kuwa, komai girmansa, in kana da buƙata a wurinsa ka buɗe baki ka faɗa masa. Mu muna da mutanen da loma ɗaya ke sa su bi mu har Simsim su sunkuya a rana saboda mu, kuma ranar suna tsaye a ƙofar gida suna jira. Su aka bari a waje.